Yadda Ake Sayen Tsohuwar Baromita da Sauran Ma'aunan Yanayi a Gwanjo

A Ingila da wuya a buɗe gwanjon tsofaffin kayan gida ba a ga baromita ɗaya ko biyu rataye a bango tsakanin agogo da madubi ba, domin an yi kusan shekara ɗari biyu duk gidan da ke ji da kansa a ƙasar yana da ita a bakin ƙofa, maigida ya ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa kafin ya fita, ya ga ko zai ɗauki lema. Baromita na'ura ce mai auna nauyin iskar da ke bisa kanmu, kuma a ƙasashen da guguwar teku ke ratsawa, saukar wannan nauyi da hawansa su ne alamar zuwan ruwa da ɗaukewarsa. Yanzu da gidajen gwanjo suka buɗe ƙofa ta intanet, mutumin da ke zaune a Kano ko Damagaram ko Kumasi yana iya taya kaya a Landan daga wayarsa. Sauƙin tayin shi ne haɗarinsa, saboda a wannan fanni duk aikin da zai tsare mai saye daga asara ana yin sa ne kafin a buga guduma: ya san irin na'urar da yake kallo, ya san garin da za ta zauna, ya kuma san hanyar da za ta bi ta iso hannunsa lafiya.

Sanin iri-iri

Tushen abin yana komawa shekarar 1643 a birnin Fulorans na Italiya, inda Evangelista Torricelli ya cika dogon bututun gilashi mai toshe a kai ɗaya da zaiba, ya kifa buɗaɗɗen bakinsa cikin kwanon zaiba, sai ya ga ta sauko ta tsaya a tsayin kimanin santimita 76, wato kusan inci 30, ta bar fili a sama wanda babu iska a cikinsa. Nauyin iskar waje ne ke danna zaibar kwanon yana riƙe ta cikin bututun. A 1648 Florin Périer, mijin 'yar'uwar masanin kimiyya Blaise Pascal, ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu, ya tarar zaibar tana ƙara sauka duk lokacin da ya ƙara hawa. A riƙe wannan gwaji na biyu a zuci, domin shi ne zai raba gardama idan muka zo maganar Jos da Kano.

Mafi tsufa a cikin waɗanda ake gani a gwanjo ita ce miƙaƙƙiya, mai siffar sanda, wadda tsawonta ke kusan mita ɗaya. Bututun Torricelli ne kawai aka yi wa gida na katako, da allon tagulla mai ruwan azurfa a sama inda aka zana inci, yawanci daga 27 ko 28 zuwa 31, da ƙoƙon zaiba a ɓoye a ƙasa. Ita ce ta fi kowace gaskiya wajen awo, domin ido yana ganin zaibar kanta, babu wani ƙarfe a tsakani. Manyan sunayen da ke ɗaga farashi a nan su ne irin su Daniel Quare, wanda ya sami takardar mallakar ƙirar baromita mai ɗaukuwa a 1695, da George Adams da Jesse Ramsden da gidan Dollond, dukkansu a Landan. Aikin Quare na gaske yakan kai dubban fam masu yawa, kuma ba wurin da sabon shiga zai sa ƙafa ba ne.

Ta biyu ita ce mai fuska kamar agogo, wadda masanin Ingila Robert Hooke ya ƙirƙiro dabararta a wajajen 1664. Bututunta lanƙwasasshe ne a ƙasa kamar ƙugiya, gajeren reshensa a buɗe yake, kuma a kan zaibar wannan reshe akwai ɗan gilashi mai nauyi da ke yawo, ɗaure da zaren alharini wanda ya zagaya wani ƙaramin wili. In zaiba ta motsa sai wilin ya juya, allurar fuska ta bi shi. Wannan iri ya cika Biritaniya daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, kuma yawancin masu ƙera shi 'yan ci-rani ne daga yankin tafkin Komo na arewacin Italiya, shi ya sa mutum zai ga sunaye irin su Pastorelli da Tagliabue da Ronchetti da Casella a kan baromitar da aka yi a Landan ko Manchesta. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai sassa biyar: ma'aunin danshi a can sama, ma'aunin zafi a wuya, ƙaramin madubi mai tudu, babbar fuska mai faɗin inci takwas, sai ɗan lebur a ƙasa irin na magina, wanda akan rubuta suna a allonsa. Fuska mai inci takwas ita ce gama-gari; ƙanana masu inci biyar ko shida sun fi wuyar samu, sun kuma fi tsada.

Ta uku ba ta da zaiba ko kaɗan. Bafaranshe Lucien Vidi ne ya yi rajistar ƙirarta a 1844, ana kiranta anaroyid. Zuciyarta wani ɗan gwangwanin ƙarfe ne mai lafe-lafe da aka zuƙe iskar cikinsa aka liƙe, yana motsewa in iska ta yi nauyi, yana kumbura in ta yi sauƙi, wasu 'yan sanduna da siririyar sarƙa suna kai wannan motsi ga allura. Daga cikinta aka sami ta bango mai gidan katako sassaƙaƙƙe, da ta jirgin ruwa mai gidan tagulla, da ta aljihu mai girman agogon aljihu wadda masu safiyo da masu hawan dutse ke auna tudu da ita, sannan barogiraf, wadda ke da jerin gwangwanaye da alƙalami mai zana layi a takardar da aka naɗa wa wani ganga da agogo ke juyawa sau ɗaya a mako. Gidan Richard Frères na Paris da Short & Mason da Negretti & Zambra na Landan, wanda aka kafa a 1850, su ne sunayen da za a riƙa cin karo da su.

Akwai kuma wadda ake kira da sunan Admiral FitzRoy, mai faffaɗan akwati da takarda bugaggiya a bayan gilashi. Robert FitzRoy shi ne kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Beagle, shi ne kuma aka ba jagorancin sashen yanayi na gwamnatin Biritaniya a 1854, amma waɗannan na gida da ke ɗauke da sunansa yawancinsu an yi su ne bayan rasuwarsa a 1865, aka sayar da su da yawa a farashi mai sauƙi. Darajarsu tana cikin takardar, kuma in ta sha ruwa ko an sauya ta da kwafi, rabin abin ya tafi.

Garin da za ta zauna

Wannan ita ce tambayar da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba, domin yawancin garuruwansu ba su da nisa da matakin teku, amma a wurinmu ita ce ta farko. Nauyin iska yana raguwa da kimanin inci ɗaya na zaiba a kowane hawan mita 300. Kano tana bisa matakin teku da kusan mita 480, saboda haka baromitar zaiba da aka kawo ta daga Landan za ta tsaya a wajajen inci 28 da 'yan kai, daidai wurin da masu ƙerawa suka rubuta kalmar guguwa da ta ruwa mai yawa, kuma a nan za ta yini ta kwana ko a tsakiyar watan Maris da rana ke dukan ƙasa. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, zaibar za ta sauka wajajen inci 26, ƙasa da allon awon gaba ɗaya, ba za a ma ga kanta ba. Ba lalacewa ta yi ba, gaskiya take faɗa, allon ne ba a yi shi don wannan tudu ba. A Legas ko Akara kuwa babu wannan matsala.

Ko an gyara maganar tudu, kalmomin da ke kan fuskar ba za su yi mana hasashe ba. Ruwanmu hadari ne da ke tasowa daga gabas bayan iskar damina mai danshi ta shigo daga kudu maso yamma, ba irin faffaɗar guguwar da ke sauke allura da inci guda a Sikotilan ba ce. Mai sayen baromita don ta gaya masa ranar shuka ya yi sayen banza. Abin da ya kamata ya ja shi shi ne ƙirar, da tarihin, da kuma wani motsi na daban da zan zo kansa a ƙarshe.

Sai hunturu. Gidan baromita mai fuska katakon fayin ne mai araha a ciki, aka manna masa siririn fallen mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu da ake kawowa daga yankin Karibiyan, da gam ɗin da aka dafa daga fata da ƙashi. Katakon da ya shekara ɗari biyu a cikin danshin Ingila, in ya shiga bushewar watan Janairu a Katsina, na cikin yana motsewa fiye da na waje, fallen ya ɗaga, ya tsage, siraran layukan adon gefe su fara zubowa. In damina ta zo gam ɗin ya yi laushi, ga kuma gara. Saboda waɗannan dalilai shawarata ga wanda zai ajiye kayansa a ƙasar Hausa ita ce ya fara da anaroyid mai gidan tagulla, musamman ta aljihu mai ma'aunin tudu da ya kai ƙafa 8,000 ko 10,000, domin an yi ta ne don tafiya, kuma fuskarta tana sauka ƙasa da inci 26 ba tare da an taɓa komai ba. Baromitar zaiba ta dace ne da wanda ke zaune a Turai kuma a can zai rataye ta.

Wasu ma'aunan sun fi baromita amfani a wurinmu, kuma masu tara kaya ba su cika rububinsu ba. Ma'aunin ruwan sama na jan ƙarfe mai baki inci biyar yana aiki a Funtuwa kamar yadda yake yi a ko'ina, sai dai a tabbatar da kofin gilashinsa mai zane yana nan, domin shi ne ke fara ɓata kuma an zana shi ne daidai da faɗin bakin. Ma'aunin danshi mai tagwayen tamomita, wato ma'aunin zafi, ɗaya busasshe ɗaya naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, yana nuna bambancin hunturu da damina ƙarara. Tamomita mai riƙe zafi mafi tsanani da sanyi mafi tsanani na yini, wadda James Six ya ƙirƙiro a 1780, a duba ko ma'auninta ya kai zafin bazararmu. Mafi kyawun gani shi ne ma'aunin hasken rana na Campbell da Stokes, wanda John Francis Campbell ya fara a 1853, George Stokes ya gyara a 1879: ƙwallon gilashi ne mai faɗin kimanin santimita goma da ke tara hasken rana ya ƙona layi a kan kati. Ana yin sa daidai da nisan wuri daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, kuma Kano tana kan digiri 12, don haka a nemi wanda zanen gefensa ya sauko zuwa nan. Kada a taɓa barin ƙwallon a bakin taga babu rufi, domin yana tayar da gobara.

Karatun kundin gwanjo da duba kaya

Kowane gidan gwanjo yana fitar da kundin kaya kafin ranar, a shafinsa ko a dandali irin su the-saleroom da LiveAuctioneers da Invaluable, kuma kowace kalma a cikinsa an auna ta ne don kare gidan. In an ce kayan yana ɗauke da sa-hannun wane, ana nufin sunan yana jiki, ba wai an rantse shi ya ƙera ba. In an ce an danganta shi da wane, ra'ayi ne. In an ce salon zamani kaza ne, to ba na zamanin ba ne. Kalmomi biyu na Turanci da ya kamata ido ya tsaya a kansu su ne "and later", wato wasu sassan an ƙaro su daga baya, da kuma haruffan "A/F", wato a yadda aka same shi da aibinsa. Ƙiyasin farashin da ake bugawa kuwa sau da yawa akan sassauta shi don a jawo masu tayi.

Sunan da ke kan allo ba kullum na maƙeri ba ne. Masu sayar da agogo da tabarau a ƙananan garuruwa sukan sayo baromita a sari daga Landan su sa a zana nasu sunan, kuma wannan ba zamba ba ce, al'adar zamanin ce. Zambar ita ce a ɗauki allo mai babban suna a ɗora wa gidan da ba nasa ba. Ana gane wannan ta ramukan noti: in aka ɗaga allon aka ga tsofaffin ramuka a katakon da ba su yi daidai da na allon ba, ko aka ga inuwar wani allo mai girma dabam a inda rana ba ta taɓa ba, to an yi haɗin gambiza. Zanen hannu na gaske yana da zurfi da ɗan bambanci tsakanin harafi da harafi, kuma sunan da aka ƙara daga baya yakan bambanta da rubutun sauran allon.

Akwai alamomin shekaru da ba sa ƙarya. Noti mai kan gicciye bai yaɗu ba sai daga shekarun 1930, don haka ganinsa a baromitar da aka ce ta 1820 ce yana nufin an yi gyara ko an yi ƙarya. Lambar rajistar ƙira ta Biritaniya mai farawa da "Rd No" ta soma ne a 1884, kafin nan alama ce mai siffar lu'ulu'u tun daga 1842. Awon milibar, wani ma'aunin nauyin iska dabam da inci, a fuska yana nuna ƙarni na 20, domin hukumar yanayi ta Biritaniya ta karɓe shi ne a 1914. Alamar kibiya mai faɗin kai tana nufin kayan gwamnatin Biritaniya ne a dā, na soja ko na jiragen ruwa. Tamomita mai awon Réaumur, inda ruwa ke tafasa a digiri 80, yawanci ta nahiyar Turai ce. Allon tagulla mai ruwan azurfa shi ne na ƙarni na 18 da farkon na 19, hauren giwa da ƙashi suka yawaita a zamanin Sarauniya Biktoriya, sannan tangaram da farin gilashi.

Ba kowane gyara ne aibi ba. Bututun gilashi abin fashewa ne, kuma kaɗan ne ke ɗauke da nasu na asali; sauya shi bai rage daraja sosai ba. Sabunta ruwan azurfar allo ma haka, in an yi shi da hankali ba a goge zanen ba. Ma'aunin danshin saman mai sassa biyar yana aiki ne da gashin zangarniyar wata ciyawa mai murɗewa in ta ji laima, kuma kusan kullum a mace ake samunsa. Abin da ke karya farashi shi ne kan da aka sake sassaƙawa, da gidan da aka kankare aka shafa masa fenti mai ƙyalli na zamani, da ramukan ƙwaron katako masu zubar da sabon gari.

Wanda zai iya zuwa ranar kallo, ya je, domin gani ya kori ji. Ga miƙaƙƙiya, a nemi izinin ma'aikaci, a sauke ta daga ƙusa, a karkata ta sannu a hankali har zaibar ta hau ta taɓa ƙarshen bututun, kunne yana kusa. In aka ji ƙara siririya tsaf kamar an taɓa ƙarfe da ƙarfe, filin saman babu iska, bututun lafiya yake. In aka ji ta a dushe, ko aka ga ƙwayar iska ta maƙale a sama, iska ta shiga kuma awonta ya ɓaci. A yi wannan da sanyin hannu ƙwarai, domin zaiba ta fi ruwa nauyi sau goma sha uku da rabi, kuma in ta taho da gudu tana fasa kan gilashin. Ga anaroyid gwajin ya fi sauƙi: a sa ta cikin farar leda, a kama iska a ciki, a ɗaure bakin, a danna ledar da tafin hannu. Allura za ta tafi dama, in an saki ta dawo inda take. In ba ta motsa ba, ko sarƙar ta yi tsatsa ko gwangwanin ya huje, kuma na biyun gyara ne mai wuya da tsada. Ga barogiraf a ɗaura agogon gangar a saurara, a ƙirga gwangwanayen a ga ko akwai wanda ya kumbura ya fita daban, a duba kwalbar tawada da aljihun takardu.

Wanda ba zai iya zuwa ba, ya rubuta wa gidan ya nemi rahoton halin kaya, kyauta ne, kuma ya yi tambayoyi masu amsa ɗaya: akwai zaiba a ciki ko babu, akwai hauren giwa ko babu, an yi gwajin leda ko ba a yi ba. Ya nemi hoton baya, da na cikin ƙofar baya, da na notuna kusa-kusa. Tayi a kan hoton gaba kaɗai cinikin biri a sama ne.

Doka da hanya

Zaiba guba ce. Mun san ta a hannun masu wanke zinariya, mun kuma san tururinta ne ke cutarwa, kuma zafi yana ƙara tashinsa. Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a sababbin baromitoci masu zaiba tun daga 2009, ta keɓe tsofaffin da suka riga suka haura shekara hamsin a 2007, shi ya sa ake ci gaba da ganinsu a gwanjo. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya tana cikinta. A sufurin sama zaiba tana cikin kaya masu haɗari saboda tana cin alminiyon da ake ƙera jirgi da shi, don haka kada mutum ya yi tunanin sa ta cikin akwatinsa, kuma gidan waya da yawancin kamfanonin aika kaya ba sa karɓa. Mai son gidan kawai yana iya sa ƙwararre ya cire bututun a can, amma ya sani abin da zai iso masa katako ne da allo.

Ko a cikin gari ɗaya ɗaukarta yana da ƙa'ida. Miƙaƙƙiya mai noti a gindi, akan karkata ta har zaiba ta cika bututun, sannan a murɗa notin ya tura fatar ƙoƙon sama ta riƙe. Mai fuska kuwa, da yake gajeren reshenta a buɗe yake, sai an toshe shi, a kuma tafi da ita a tsaye ko a ɗan jingine. Na taɓa barin wani mai ɗaukar kaya ya karɓo mini irin wannan ba tare da na yi masa bayani ba, sai ya shimfiɗa ta a kwance a bayan mota don kada ta faɗi. Da muka buɗe ƙofar bayanta, 'yan ƙwayoyi masu walƙiya suna ta gangarowa daga ramukan katakon suna ɓuya cikin bargon da ya naɗe ta, kuma kuɗin sabon bututu da tsaftacewa ya zarce abin da na biya a gwanjon. Laifina ne da ban faɗa ba. In irin haka ta faru, a fitar da yara da masu juna biyu, a buɗe tagogi, a cire zoben zinariya, kada a yi shara da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura, a tattara da kati da sirinji a zuba a kwalba mai murfi.

Hauren giwa shi ne shinge na biyu. Dokar Biritaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana cinikinsa sai 'yan keɓantattu, ciki har da kayan da aka yi kafin 1947 wanda hauren bai kai kashi goma cikin ɗari na jikinsa ba, shi ma sai an yi masa rajista. Fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa kuma yana buƙatar takardun yarjejeniyar CITES mai kare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, haka ma ƙoƙon kunkurun teku da wani jan katako na Barazil da aka yi ado da shi sosai a ƙarni na 19. Mai saye daga waje ya fi masa sauƙi ya ƙyale duk abin da ke da ɗaya daga cikin ukun nan.

Lissafi da ranar tayi

Farashin guduma ba shi ne abin biya ba. Gidan yana ɗora la'adarsa a kan mai saye, yawanci tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma a Biritaniya akwai harajin kashi 20 a kan la'adar. A misali, in guduma ta sauka a fam 400 kuma la'ada kashi 25 ce, la'adar fam 100 ce, harajinta fam 20, jimla fam 520, kafin ƙarin da wasu dandalin intanet ke ɗorawa, da kuɗin ɗauri, da na jirgi, da inshora, da kuɗin fito a kwastan, da canjin kuɗi. Don haka lissafin daga ƙarshe ake fara shi: a tsayar da abin da aljihu zai iya gaba ɗaya, a cire waɗannan duka, abin da ya rage shi ne iyakar tayi. A nemi farashin aikowa tun kafin ranar, domin gidaje da yawa ba sa ɗaure kaya da kansu, kuma suna fara cajin ajiya bayan 'yan kwanaki. A duba sakamakon gwanjojin baya, waɗanda ake barinsu a shafukan, domin su ne farashi na gaske. Na gama-gari sun yi sauƙi a 'yan shekarun nan tare da sauran tsofaffin kayan katako, kuma babu dalilin yin gaggawa a kan mai sassa biyar, wata tana tafe mako mai zuwa.

Ana yin rajista da katin shaida da katin banki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Gwanjon Turai ba ya da albarka da sallama irin na kasuwarmu: da guduma ta sauka ciniki ya faɗa, babu janyewa. Ga wanda intanet ɗinsa ke yankewa, ko wanda ya san zuciyarsa tana zafi in ana takara, hanya mafi aminci ita ce ya bar wa gidan iyakar tayinsa a rubuce, su taya a madadinsa a mafi ƙarancin abin da zai ci. In an zarce shi, an zarce shi.

Bayan ta iso

A bar ta kwana biyu ko uku a ɗaki kafin a taɓa komai, a bangon ciki, nesa da rana da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Kada a goge fuska mai ruwan azurfa da man goge ƙarfe, domin zai cinye azurfar a shafa ɗaya, kada kuma a ɗiga mai a cikin injin anaroyid, ƙurar hunturu za ta manne masa. A bayanta akwai ɗan rami da noti a ciki wanda ake juyawa kaɗan-kaɗan a daidaita allura da awon matakin teku na filin jirgin sama mafi kusa, amma notin yana da iyaka, kuma ta gida ba lallai ta ɗauki tudun Jos ba. In ya fara tauri a tsaya. Takardar gwanjon da hotunan da rahoton halin kaya a adana su tare, domin su ne shaidar asalinta ranar da za a sayar ko a bar wa magada.

Wanda ya sami barogiraf, ya naɗa takarda ranar Litinin, ya ɗiga tawada a bakin alƙalamin, ya bar ta mako guda. A Ingila layin yakan yi tuddai da kwaruruka marasa tsari. A Kano ko Maraɗi zai ga wani abu dabam wanda masanin Jamus Alexander von Humboldt ya lura da shi a yankunan zafi na Kudancin Amurka: layin yana hawa yana sauka sau biyu a kowace rana, da tazarar 'yan milibar kaɗan, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe, ya sauka wajen la'asar, ya sake hawa wajen goman dare, ya sake sauka kafin asuba. Zafin rana ne ke kaɗa iskar duniya kamar yadda wata ke kaɗa ruwan teku. Ranar da hadari ya taso daga gabas, a daidai lokacin da iska mai sanyi da ƙura ta bugo ƙofa, alƙalamin zai yi ɗan tsalle sama a tsakiyar wannan tsari, kuma ana iya rubuta kwanan wata a gefensa da fensir.